Littafin Wasan Kirsimeti: Daga Madani Zuwa Mai Wurno

Lahadi, 26 ga Nuwamba 2023, Wad Madani, Sudan

Salama gare ku, iyayena matan zumunta na gida. Gudummawar da kuka haɗa ta iso ranar Alhamis, bayan ta bi hannu uku kafin ta faɗo wayar Fasto ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta banki, domin yanzu a nan kuɗin takarda sai mai rabo. Na yi muku alkawarin rubuta yadda aka kashe ta, kada a ce 'yar da kuka aurar Gabas ta karɓi amana ta yi gum. To ga littafin na buɗe. Duk ran da na sami caji zan turo abin da ya taru.

Aikin dai wasan haihuwar Almasihu ne, irin wanda muka taso muna yi a makarantar Lahadi a Jos, da tumakin auduga da gemun Yusufu na zaren buhu. Yau bayan sujada na rubuta yara 23. Kusan dukkansu daga Khartum suka zo, yawanci 'yan unguwar Haj Yusuf kamar mu, iyayensu mutanen duwatsun Nuba. Tun 15 ga Afrilu da yaƙin nan ya ɓarke ba wanda ya taka aji a cikinsu. Azuzuwan ma mutane ne ke kwana a ciki. Wata bakwai ke nan ba a ba yaran nan wani abu an ce su haddace ba, sai abin da kunnensu ya haddace da kansa.

Ba kowa ya yarda ba. Wani dattijon ikkilisiya ya miƙe a taro ya ce yaro mai jin yunwa ba fiffike ake ɗinka masa ba, a sayi adas, ƙananan waken da ake miya da su a nan. Na so in yi fushi, amma gaskiyarsa ta fi rabi. Muka raba: kashi biyu cikin uku ya tafi tukunyar taimako da ake dafawa a harabar majami'a, wadda a nan ake kira takiya. Sauran na yadi ne da zare, da fulawa da sukarin habiz, cincin ɗin mutanen nan. Ku yafe mini da na karkata kuɗin ban tambaye ku ba. Da kuna nan, ku ma haka za ku yi.

Juma'a, 1 ga Disamba

Rabon matsayi, kuma da kyar na dawo gida da sauran murya. Na zaci faɗan zai kasance kan wa zai zama Yusufu, ko wa zai naɗa rawanin masanan gabas. Ina! Cikin maza goma sha ɗaya, tara sun ce su sojojin Hirudus ne. Kafin in ce uffan sun karyo karan dawa sun rataya, suna kwaikwayon ƙarar makamai da baki, kowanne da sunansa: wannan doshka ce, wannan ta jirgin sama ce, wannan kuma fita take ba shigowa ba. Ɗan shekara shida yana gyara wa ɗan shekara goma. Jikina ya yi sanyi. Nan take na ce babu Hirudus a wasan bana.

Fasto ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Mama, sura ta biyu ta Matiyu ba ni na rubuta ba, ba kuma ke za ki goge ta ba." Ya ce yaran nan sun riga sun san akwai Hirudus a duniya, abin da ya kamata su ji shi ne jaririn ma cikin dare aka gudu da shi. Sai na tuna a gida wasanmu kan tsaya ne a kan zinariya da lubban da mur, a tafa, a ja labule, a raba shinkafa. Ban taɓa ganin an kai shi har hanyar Masar ba. Muka shirya a kan haka: Hirudus yana nan, sojoji biyu kawai, ba kara ba sanda, ba kuma kisa a gaban jama'a. An ƙara fitowa ta ƙarshe, ta gudu.

Mai masauki ne ya ba mu dariya. Yaron da na zaɓa ya ƙi sam, wai shi ba zai ce "babu wuri" ba, ai da suka iso Madani ba wanda ya kore su. Wata tsohuwa da ke tsince adas a gefe ta ɗago ta ce, "To wanda ya ninka mana kuɗin haya fa, ɗan wane gari ne?" Harabar ta kaure da dariya. Na koma na duba Luka da kyau, ashe ba a ma ambaci wani mai masauki ba, cewa kawai aka yi ba su sami wuri ba. Mu ne muka ƙirƙiro shi don a sami wanda za a harara. Yanzu abin da zai faɗa shi ne, "Akwai ɗaki, amma sai an biya na wata uku tukuna." Wannan ya yarda.

Mala'ika kuwa ba ni na zaɓa ba. Kakarta ce ta jawo hannunta ta kawo mini. Shekarunta tara, kuma tun ranar da harsashin igwa ya faɗa gidan maƙwabtansu ba ta haɗa kalma uku a jere. Takan ce "ruwa", takan ce "a'a". Kakar ta ce a ba ta mala'ika. Na ce, "Habbuba," wato kaka, "ai shi ne mai maganar da ta fi kowace nauyi." Ta ce ta sani, shi ya sa. Kalma biyu ne da Larabci, "La takhafu", kada ku ji tsoro. Sauran albishirin na ba 'yan mata uku da za su tsaya bayanta, har da 'yata.

Laraba, 6 ga Disamba

Ɗinki ya kankama, kuma dole in gabatar muku da Hajiya, don in ba ita ba da babu aikin. Ita ce mai gidan da muke zaune tun watan Mayu. Kwana biyu da isowarmu, muna kwana a barandar majami'a, na daka wa ɗan autana tsawa da Hausa a bakin famfo, sai wata dattijuwa ta juyo ta ce, "Ke 'yar wane gari ce?" Kafin la'asar ta share mana rumfar bayan gidanta. Na gaya mata mu Kirista ne tun kafin in sauke kaya. Ta ce ai ba limanci ta kira ni ba.

A Jazira aka haife ta. Kakanta ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, zai je hajji, ya tsaya tsinkar auduga don ya tara guzuri, lokacin Turawan Ingila sun gama madatsar ruwan Sennar a 1925, gonakin Jazira suna neman hannu. Ya sauke farali, a hanyar komawa ya sake tsayawa, tsayawar da jikokinsa ke kai har yau. Ba ta taɓa ganin Kano ba, amma Hausarta ta fi tawa tsufa. Tana jefo kalmomin da rabona da su tun bakin kakata, ta cakuɗa su da Larabci kamar shinkafa da wake. A nan Bahaushe da Bafulatani da Babarbare duk Fallata ake ce musu.

Keken ɗinkinta na ƙafa ne, ba ruwansa da ɗauke wuta. Ya zuwa yau an gama rigunan makiyaya huɗu daga buhunan sukari, alkyabbar masana uku daga wani tsohon labule, da mayafin Maryamu shuɗi, shi kaɗai na saya sabo. Audugar tumaki kyauta ce, ɗan Hajiya ya kawo daga gona. Lubban ɗinmu kuma na gaske ne, a nan kowace kasuwa akwai shi. A Jos garin kunu muke ƙullewa a leda mu ce lubban.

Tana taka keke tana yi mini tambayoyi. Da na ce mata takardar baftismar babana "Ekklesiyar Kristi a Sudan" aka rubuta a kanta, ta dakata ta ce ashe gida na dawo. Don yaranmu na yanzu da ba su sani ba: Turawan mishan duk faɗin ƙasar da ke kudu da Sahara, daga yamma har Nilu, Sudan suke ce mata. Ƙungiyar mishan ta SUM da ta sauka Wase a 1904, wani reshenta ne ya hau duwatsun Nuba ya zauna Heiban a 1920, inda iyayen maigidana suka ji bishara. Tarayyar da muke kira TEKAN ma da aka kafa ta a 1955 TEKAS ce, harafin ƙarshen na Sudan ne. Da maigida ya zo karatu Bukuru muka haɗu, shi ya fara nuna mini uwa ɗaya ce ta shayar da ikkilisiyoyinmu.

Lahadi, 10 ga Disamba

Gwajin fitowar gudu. Ban koya musu komai ba. Na ce dai mala'ika ya zo wa Yusufu a mafarki ya ce ya tashi ya ɗauki yaron da uwarsa su tafi Masar, ku yi in gani. Yusufu ya farka, ya lalubi aljihu ya ciro wani ɓallin kwali a matsayin waya, ya cusa shi cikin zanen jariri. Na ce mene ne haka? Ya ce, "Khala," wato inna, "a shingen hanya ba sa buɗe zanen jariri." Maryamu kuma ta cire 'yan kunnenta ta jefa a baki. Iyayen da ke kallo kowa ya sunkuyar da kai, don kowa ya gane nasa.

Sai babban masanan gabas ya ce ai Masar ba a shiga yanzu sai da biza, kawunsa na Wadi Halfa tun damina yana jira. Gaskiya ya faɗa, tun watan Yuni aka sa wa kowa, har mata da yara da tsofaffi waɗanda a da ba a nema musu. Na ce a zamanin Yusufu ba a yi biza ba. Ya ce sun yi sa'a.

Na bar wayar kwalin a cikin wasa. Dattijon adas ma ya goyi baya, shi da ya zo wai don ya ga inda kuɗi ke tafiya.

Mala'ika tana hawa benci, tana ɗaga hannu daidai lokaci, leɓenta na motsi. Sauti babu. Na hana kowa matsa mata.

Yara biyu ba su zo ba, gudawa. Da kwalarar da ta ɓulla a Gadarif tun Satumba ta kuma shigo Jazira, kowace gudawa sai gaba ya faɗi. Na sayi sabulu daga kuɗin yadi. Maigida ya kira daga Gadarif ɗin, inda ya tafi yankan dawa tunda albashin koyarwa ya tsaya. Ya ce zai zo ran 22.

Alhamis, 14 ga Disamba

Gwaji na farko daga fari har ƙarshe, da kaya a jiki. Minti arba'in. Tumaki sun yi dambe, rawanin Hirudus ya warware sau biyu, in ban da haka lafiya lau. Fukafukan mala'ika na kwali da gidan sauro sun yi kyau har Hajiya ta ce a kawo mata yarinyar ta gani. Saura gemun Yusufu da tauraro. Mun tsayar da yammacin Lahadi 24 ga wata, mata za su fara gasa habiz ranar Laraba. Rabona da zumuɗi irin na yau tun Kirsimetin 2019, da gwamnatin Hamdok ta maido da hutun ranar, muka fita titi a Bahri da waƙa.

Juma'a, 15 ga Disamba

Da asuba muka ji. Daga gabas, ƙetaren kogi, wajen Abu Haraz da Hantub. Yaran ba su tambayi mene ne ba. Ɗan autana ya ce, "Mama, wannan shigowa take." Babu gwaji yau. An rufe kasuwa, an hana fita daga ƙarfe shida na yamma.

Lahadi, 17 ga Disamba

Mu kamar talatin a sujada, a majami'ar da makon jiya mutane ke leƙe ta taga. Ba ganga. Ban riƙe ko kalma ɗaya daga wa'azin ba, ƙidayar ƙara nake. Ni da nake koya wa yarinya ta ce kada a ji tsoro, harshena ya bushe har ban iya amin da ƙarfi ba.

Bayan sujada aka rabu biyu. Wasu sun ce kogi na tsakani, sojoji kuma na riƙe da gada. Wasu sun ce haka aka gaya mana a Khartum, kwana uku za a yi a gama. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, amma wannan ba tsumma ba ne, muna jin huci.

Mamata ta kira daga Jos tana kuka. Ta ce, "Ba na ce ki shiga motocin da suka kwashe 'yan Najeriya a Afrilu ba?" Ta ce kuwa. Na ƙi barin uban yara, kuma ko yau aka sake tambayata amsar ɗaya ce, sai dai yau da rawar murya zan ba da ita. Iyayena, wadda ta fi kusa da ita ta leƙa ta.

Yusufu ya tare ni a ƙofa ya ce, "Khala, wasan yana nan?" Na ce yana nan. Na tattara kayan duka na cusa a buhu ɗaya na kai gida.

Alhamis, 21 ga Disamba, Mai Wurno

Muna raye.

Ranar Litinin da hantsi labari ya zo cewa dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati, waɗanda a nan ake kira Da'am, sun ƙetare gadar Hantub. Ɗan Hajiya ya kawo lorinsa ƙofar gida. Hajiya ta leƙo rumfa ta ce, "'Yata, tashi. Ba na barin baƙo a gidan da ni ma na bari." Ta riga ta kwance kan keken ɗinkinta daga ƙafarsa ta naɗe a zane. Na tura 'yata da gudu harabar majami'a, duk wanda aka samu a wurin ya hau. Fasto ya ƙi hawa, akwai tsofaffin da ba za su iya hawan lori ba, ya ce ba zai bar su ba. Cikin yara 23, bakwai ne a motar, har da nawa biyu.

Abin da na ɗauko: takardunmu, Littafi Mai Tsarki, da buhun kayan wasa. Tukunya, bargo, fulawa da sukarin da kuka saya, duk suna can. Sai da muka wuce Haj Abdalla na gane wautar da na tafka, na zauna a kan buhun ina jin kunyar matan da suka ɗauko garin asida.

Daga Madani zuwa Sennar wajen kilomita 100 ne, tafiyar awa biyu. Mun tashi kafin azahar, ba mu shiga ba sai hantsin Talata. Hanya cike: lori, raksha, amalanken jaki, marasa lafiya a kan gadon igiya ana ɗauke da su, da masu ƙafa waɗanda sun fi kowa yawa. Yawancinmu gudu na biyu ne. Jihar Jazira na ɗauke da 'yan gudun hijira kusan rabin miliyan kafin wannan, yanzu kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce har mutum 300,000 ne suka fita cikin kwanakin nan.

Dare ya same mu kafin Wad al-Haddad, mai ya ƙare, ɗan Hajiya ya bi ƙauye nema. Sanyin Disamba a filin Jazira ba ya da bambanci da na Jos, ba bango ba itace. Sai na kwance bakin buhu. Yara uku suka kwana cikin alkyabbar masanan gabas. Habbuba ta lulluɓa da mayafin Maryamu. Audugar tunkiya ɗaya ta tafi ƙafar wata mata da ƙarfe ya yanka. Wayar da nake muku rubutu da ita a cikin audugar ɗaya tunkiyar ta yi tafiyar, Yusufu ne malamina. Fiffike guda ya karye, wani ya zauna a kai.

Yanzu muna gidan ƙanin Hajiya, Malam, a Mai Wurno, kudu da Sennar kaɗan a bakin kogi. Ba na jin Larabci a titi kamar yadda nake jin Hausa da Fillanci. Malam ya ce mini, "Baiwar Allah, kada ki yi ta godiya, garin nan ma 'yan gudu ne suka kafa shi." Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ja ragowar jama'ar gabas har suka yada zango a nan. Rumfar da aka ba mu, a bara 'yan'uwan Malam ne suka zauna cikinta, waɗanda suka gudo daga Rusairis a rikicin Yulin 2022.

Asabar, 23 ga Disamba

Yaran ne suka tayar da maganar, ba ni ba. Ni na riga na binne wasan a zuciyata. Hirudus ya zo ya ce gobe 24.

Ban iya tunkarar Malam ba, Hajiya na roƙa ta shiga gaba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Yaya, baƙinki baƙina ne. Amma ba ganga, kuma a yi bayan la'asar a gama kafin magariba, can bayan gida wajen turke." Ya dube ni ya ce, "Kin san akwai abin da za ku faɗa wanda ni ban yarda da shi ba." Na ce na sani, Malam. Ya ce to, shi zai tafi kasuwa.

Da dare Hajiya ta ce a wurinsu Nana Maryam a gindin dabino ta haihu, ita kaɗai, har ta yi fatan da ta mutu kafin ranar, sai aka kira ta aka ce "la tahzani", kada ki yi baƙin ciki. Na ce a wurinmu makiyaya aka ce wa kada su ji tsoro. Ta ce, "Ku tsoro, mu baƙin ciki. Bana kam duka biyun muna da su." A kan ko wane ne jaririn ba mu taɓa shiryawa ba, ba kuma yau za mu fara ba. Ta ɗora kan keke a kan turmi, ina juya mata da hannu, muka haɗa tauraro.

Sabon rabo: Maryamu ba ta nan, ba makiyayi ko ɗaya, ba masani ko ɗaya. 'Yata ta zama Maryamu. Hirudus zai yi kiwo kafin ya hau gadon sarauta. Mai masauki zai zagaya ya dawo da kyauta uku shi kaɗai. An ɗaga zuwa Litinin. Maigida yana Gadarif, hanyar Madani ta yanke, yana neman motar da za ta bi ta Dindir.

Talata, 26 ga Disamba

An yi. Minti goma sha biyar.

Masu kallo: mu 'yan lori, Hajiya a bakin madafa, matan gida ta bayan zana, da yaran unguwa a kan katanga. Awakin Malam na gaske suna ɗaure a turke, ɗaya ta miƙo wuya ta cinye rabin audugar ɗan autana yana tsaye yana kuka. Jaririn kwalba ce a cikin zane. Da mai masauki ya nemi kuɗin wata uku, matan bayan zana suka fashe da dariya, wata ta ce da Hausa, "Allah wadanka!"

Mala'ika ta hau turmi da fiffike ɗaya da rabi. Ta ɗaga hannu. Leɓenta ya motsa. Na jira, kowa ya jira. Hirudus, wanda a lokacin makiyayi ne, ya dube ta har ta rufe baki, sannan ya tashi ya kora tumakinsa zuwa Baitalami kamar an yi masa magana da lasifika. Hajiya ta ce, "Ta faɗa, ni na ji." Ni dai ban ji ba. Habbuba ba ta ce komai ba, tana ta share ido da mayafin da ta ƙi mayar mini, shi ya sa Maryamu ta fito da gyalen Hajiya.

Bayan kyautar masana na yi wa Yusufu alama ya kwanta don mafarki. Bai kwanta ba. Ya zo kusa ya ce a hankali, "Khala, a bar wannan. Ai mun yi shi waccan Litinin ɗin." Na dubi sauran, ba wanda ke son ci gaba. Na bari. Ga shi bayan duk gardamata da Fasto wasan ya tsaya inda yake tsayawa a Jos, sai dai babu labule babu shinkafa.

Muka yi waƙa biyu ƙasa-ƙasa, ɗaya da Larabci ɗaya da harshen Heiban, na ƙara baiti ɗaya da Hausa ni kaɗai, muryata ta ƙi kai ƙarshe. Malam ya dawo daga kasuwa da agashe a takarda, tsiren da Hausawa suka koya wa Sudan har sunan ya zauna, ya ce na yara ne. Bai tambayi yadda aka yi ba.

Kada in ɓoye muku, ba kowa ya ji daɗi ba. Wani maƙwabci ya ce Malam ya mai da gidansa kanisa, wato majami'a, ya kuma hana yaransa shigowa tun jiya.

Talata, 2 ga Janairu 2024

Lissafi. Kashi biyu na takiya an dafa an cinye kafin 15 ga Disamba. Yadi, zare, sabulu, an saya. Fulawa da sukari suna Madani, ko wa ya ci Allah ya sa yunwa ce ta sa shi. Ɗan abin da ya rage na ba ɗan Hajiya na mai, ya ƙi, Hajiya ta karɓa ta sa masa a aljihu. Hannuna babu komai.

Yara: bakwai a nan. Huɗu suna Gadarif, har da Maryamu ta fari, maigida ya gan su da idonsa. Biyu a Kosti, ɗaya a Sinja. Tara har yanzu shiru, cikinsu akwai babban masanin nan mai maganar biza. Kullum da safe ina bin lambobin iyayensu ɗaya bayan ɗaya. Ku sa su a addu'ar zumunta ta ranar Talata.

Fasto ya turo saƙon murya ran Asabar, yana Madani da tsofaffinsa, ba sa fita. Na gaya masa an yi wasan amma ba a kai Masar ba. Ya yi dariya ya ce ƙasar nan Kirsimeti biyu gare ta, 'yan'uwanmu Kibɗawa sai 7 ga Janairu suke nasu, saboda haka ba mu makara ba. Wata majami'a a cikin garin Sennar da ke cike da mutanen Madani ta ce mu zo ranar, akwai yaran da za su cike mana makiyaya da masana. Zan je gobe in gan su, in hanya ta yi kyau. Mutanen gidan nan ma sun fara maganar inda za a nufa in abin ya gangaro kudu. Hajiya ba ta mayar da kan kekenta kan ƙafa ba.

Ɗazu ina shanya, Mala'ika ta zo ta tsaya bayana da kwalinta a hannu. Ta ce, "Khala, fiffiken nan ya karye, ba ni allura." Na ƙirga kalmomin a zuci, ban juya da sauri ba don kada in firgita ta. Na ba ta. Farin zare ya ƙare, da baƙi take ɗinkewa, zan nemo fari a kasuwar Sennar gobe.